Ɗalibar da ke ganewa da kunne: yadda kwamfuta ta shiga karatun mai disleksiya

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa shekararta 12 lokacin da aka fara bin lamarinta, tana ajin farko na sakandare. Tana da disleksiya, larurar da ke sa karatu da rubutu su yi wa mutum wuya ko da yana da kaifin ƙwaƙwalwa. An sakaya sunanta da na makarantarsu. Takardun sakamakonta na firamare duk bakinsu ɗaya: yarinya mai natsuwa da ladabi, sai dai ta ƙara ƙwazo. Babu malamin da ya taɓa rubuta cewa ba ta iya karatu ba, domin in aka ba ta layi ɗaya takan fitar da shi. Abin da ba a taɓa aunawa ba shi ne tsawon lokacin da layin ke cin mata, da abin da ke saura a kanta in ta kai ƙarshensa.

A firamare dabarunta sun rufa mata asiri. Malami ɗaya ne da su yini guda, shi ke karanta komai a bayyane, ita kuwa akwai kaifin hadda. In an zo karatun bi-da-bi, sai ta ƙirga waɗanda ke gabanta ta gano sakin layin da zai faɗo kanta, ta yi ta bitarsa a zuci har layi ya iso. Sakandare ce ta tona komai. Malamai da yawa, kowa da littafinsa, kowa da not ɗin da zai cika allo a kwafa kafin a buga ƙararrawa. Kafin zangon farko ya ƙare ta faɗi a kimiyya da tarihi, littattafan not ɗinta duk rabi da rabi, ga kuma wani ciwon ciki na safe da ke warkewa da kansa ranakun da ba makaranta.

Malamin kimiyya ne ya fara shakka. A aji ita ke yin irin tambayar da ke nuna an gane darasi, amma a takardar gwaji ta amsa na farko-farko ta bar sauran. Ya kira ta ofis, ya ɗauko takardar da ta faɗi, ya karanta mata tambayoyin da bakinsa. Ta amsa kusan duka.

Lamarin ba sabo ba ne. A 1896 wani likita a Ingila, W. Pringle Morgan, ya wallafa bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa, gwanin lissafi, wanda karatu da rubutu suka gagara. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. A zamanin Morgan ba abin da zai mayar da littafi magana sai mutum. Yau kusan kowace waya tana iyawa, shi ya sa makarantar ɗalibarmu ta ɗauka abin zai zo da sauƙi.

Dalilin daɗewa ba a gano ta ba kuwa, halinta na ciki. Sally Shaywitz da abokan aikinta na Jami'ar Yale sun bi yara a jihar Konetikat ta Amurka, suka wallafa a 1990 cewa makarantu sun fi nuna yara maza a matsayin masu matsalar karatu, nesa ba kusa ba, alhali da su masu binciken suka gwada yaran da kansu, tazarar maza da mata ba ta kai haka ba. Yaron da karatu ya gagara yakan tada hankalin aji a lura da shi. Yarinyar da ta yi tsit a kujerarta sai a yaba ladabinta.

Abin da gwaji ya nuna

An fara da likitan ido da na kunne, duka lafiya lau. Sannan wata ƙwararriya kan matsalolin koyo ta zauna da ita. In aka karanta mata labari aka yi mata tambayoyi, tana daidai da sa'anninta, wani wurin ma ta ɗara su. In aka ba ta kalmomin ƙirƙira, waɗanda ba su da ma'ana balle a ce ta taɓa haddace su, sai ta tsaya cak, don a nan ba madogara sai haɗa baƙi da wasali. In aka faɗi kalma aka ce ta maimaita ba tare da sautin farko ba, takan daɗe tana motsa leɓe kafin ta samo. A shafi ɗaya na insha'inta an ga kalma guda an rubuta ta iri uku. Wannan ita ce disleksiya, wadda ta fi yawa cikin larurorin koyo. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da ya fito a 2013 ya ƙiyasta cewa larurorin koyo na karatu da rubutu da lissafi suna shafar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na yara 'yan makaranta.

Mutane da yawa sun ɗauka mai disleksiya haruffa yake gani a juye. Idonsa lafiya yake. Tushen abin yana wajen sauti: ƙwaƙwalwa na shan wuya wajen rarrabe ƙananan sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowanne a kan harafinsa. A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana fahimtar karatu a matsayin abu biyu da ake ninkawa: iya fitar da kalma daga rubutu, sau fahimtar harshe. Tunda ninkawa ce, in ɗaya ya yi ƙasa sosai sai ya janyo sakamakon duka, komai ƙarfin ɗayan. Wannan lissafi shi ne hoton ɗalibarmu. Fahimtarta ba ta da laifi, amma duk ƙarfinta yana ƙarewa a fitar da kalmomi, kafin ta kai aya ta manta farkon jimla.

Akwai kuma agogon da ke tafiya. A shekarar dai, Keith Stanovich ya nuna yadda giɓin ke faɗaɗa: mai iya karatu yana ƙara karantawa, yana tara kalmomi da sanin duniya, karatun na ƙara masa sauƙi, wanda yake wahala yana gudun littafi, sai a bar shi a baya har a abin da tun asali ba shi da matsala da shi. Ƙwararriyar ta gargaɗi makarantar da wannan. Fahimtar da yarinyar ke tinƙaho da ita yau, in aka bari shekaru suka wuce ba ta samun abin da ke cikin littattafai, ita ma za ta fara ja da baya.

Karon farko: an yi ba a yi ba

Makarantar ta yi abin da yawancin makarantu ke yi. Aka ɗauko kwamfutar tafi-da-gidanka, aka sa mata manhaja mai karanta rubutu da murya, aka haɗa da babban abin saurare mai rufe kunnuwa, aka danƙa mata. A takarda an biya buƙata. Kafin tsakiyar zango na biyu kwamfutar ta koma zaman jaka.

Da malamar tallafi, mai kula da ɗalibai masu matsalar koyo, ta zaunar da ita ta tambaye ta dalili, amsoshin ba su da alaƙa da lalaci. Yawancin abin da malamai ke rabawa fotokwafi ne, wanda ma ya turo ta kwamfuta hoton shafi yake ɗauka da waya, manhajar kuwa ba ta ganin komai a hoto. Muryar tana gudu a yadda kamfani ya saita ta, ba wanda ya nuna mata yadda ake ragewa. Batirin ba ya kai yini, don haka aka mayar da kujerarta can gefe kusa da soket, ita kaɗai da ƙaton abu a ka, 'yan aji suka samo mata suna. Malamai biyu da ba a sanar da su komai ba sun sha ce mata ta rufe kwamfuta ta mai da hankali. Yarinyar da ta shekara shida tana ɓoye matsalarta, a rana ɗaya aka rataya mata alama kowa na gani. Ta zaɓi faɗuwa a kan wannan, kuma duk wanda ya tuna yadda shekara 12 take ba zai yi mamaki ba.

A 1993 Betsy Phillips da Hongxin Zhao sun bincika manya 227 masu nakasa iri-iri, suka tarar kusan kashi 29 cikin ɗari na na'urorin taimako da aka samar musu an watsar da su gaba ɗaya. Cikin dalilan da suka gano har da rashin jin ra'ayin mai amfani wajen zaɓe, da rashin ingancin aikin na'urar. Binciken ba a kan 'yan makaranta aka yi shi ba, amma dalilan nan biyu duk sun bayyana a wannan aji.

Sake lale

Malamar tallafi ta kira zama: ita, malamin kimiyya, malamar harshe, iyayen, da yarinyar kanta. Ta bi tsarin da Joy Zabala ta fito da shi a shekarun 1990, wanda ake kira SETT. Ana duba ɗalibi tukuna, sannan wuraren da yake karatu, sannan ayyukan da ake nema daga gare shi, na'ura ce ke zuwa ƙarshe. Karon farko daga ƙarshen aka faro.

Aka shimfiɗa jadawalin mako, aka bi shi darasi-darasi da tambaya ɗaya: wannan aikin, me ake so a auna da shi? Malamin kimiyya ya ce shi so yake ya san ko ta gane yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, yadda bayanin ya shiga kanta bai dame shi ba. Malamar harshe ta ce nata kashi biyu ne, wani lokaci labarin take so a gane a yi sharhi, wani lokaci kuma karatun kansa take koyarwa.

A nan mahaifin ya yi magana. "Malama, ni fa ba na son a lallaɓa ta. Ƙafar da aka saba wa sanda ba ta yin ƙwari. In inji ne zai riƙa yi mata karatu, yaushe za ta iya da kanta?"

Irin wannan magana akan yi saurin ɗaukarta a matsayin rashin wayewar iyaye, a yi ta lallashi har su yi shiru. A ganina mutumin yana da gaskiya rabi, kuma rabin nan ne ya gyara shirin. Sauraron murya ba ya koya wa mai disleksiya haɗa baƙi da wasali. In makaranta ta ba da kwamfuta ta naɗe hannu, abin da yake tsoro shi zai faru, har ma za ta samu uzurin daina koyar da yarinyar. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa hana ta muryar zai ƙarfafa karatun. Shekara shida ba ta da murya, karatun bai ƙarfafa ba, kimiyya da tarihi ne suka bi shi suka faɗi. Malamar tallafi ta amsa masa a taƙaice: "Yallaɓai, duka biyun za mu yi, kuma za ka riƙa ganin takardar kowanne daban."

Aka tsayar da ƙa'ida guda, aka rubuta ta a rabin shafi aka ba kowane malami. Duk inda abin da ke cikin rubutun ake nema, kwamfuta ta karanta. Duk inda karatun kansa ake koyo, a kashe murya. Sauran shirin duka daga wannan rabon ya fito.

Wajen karatu

Ba a sayi sabuwar manhaja ba. Makarantar dama tana amfani da manhajojin rubutu na Word da OneNote, a cikinsu kuwa akwai Immersive Reader, wanda Microsoft ya fara fitarwa a 2016. Yana karantawa yana haska kalmar da yake kai, yana iya rufe shafi ya bar layi ɗaya ko uku ko biyar, yana buɗa tazarar haruffa, yana canza launin shafi. Aka ware zama guda ita ta zaɓi saitinta. Ta rage gudun murya sosai da farko, bayan 'yan makonni ta ƙara da kanta har ta wuce inda kamfani ya saita. A kimiyya takan rage, a labari takan ƙara, kuma ba wanda ya koya mata wannan.

Buɗa tazara ya yi mata amfani nan take, kuma akwai bincike a bayansa. A 2012 Marco Zorzi da abokan aikinsa sun gwada yara masu disleksiya a Italiya da Faransa, suka ga ƙara tazara tsakanin haruffa ya rage kuskure ya ƙara sauri, ba tare da wani horo ba. Akasin haka, nau'o'in haruffan da aka ƙera musamman don masu disleksiya, irin su OpenDyslexic da Dyslexie, gwaje-gwajen da aka yi musu ba su nuna sun fi haruffa na yau da kullum irin Arial ba. An nuna mata ɗaya, ta ce yana sa ta ji kamar 'yar raino, aka bar maganar.

Aikin gaske yana wajen fayiloli, kuma a nan ne malamai suka ji jiki. Manhaja mai karantawa tana buƙatar rubutun da za a iya zaɓa a kwafa. Hoton shafi sai an bi da shi ta fasahar OCR, mai gane haruffa a cikin hoto. Haɗin nan biyu, gane harafi da furta shi, shi ne ainihin injin karatun da Ray Kurzweil ya fitar a 1976 domin makafi. A lokacin ƙaton inji ne, yau yana cikin aljihu. Amma har gobe in hoton ya karkace, ko fotokwafin ya dushe, ko shafin yana da jadawali da zane, abin da zai fito shirme ne. Rubutun hannu a allo ya fi kowanne wuya. Saboda haka aka roƙi malamai su riƙa sa not ɗinsu a jakar aji ta intanet kwana ɗaya kafin darasi, a ainihin fayil ɗin da suka buga. Wasu sun karɓa nan take, wasu sai da aka yi ta bin su, ɗaya kuwa har shekara ta ƙare a allo yake rubutu, sai wata abokiyar zamanta ke buga not ɗin ta tura mata.

Littattafan darasi ma sai da aka bi. Wasu mawallafa sun ba da kwafin kwamfuta, sauran aka yi musu sikanin babi-babi aka gyara kurakurai da hannu. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta buƙaci ƙasashen da suka shiga cikinta su sassauta dokar haƙƙin mallaka domin a yi irin wannan kwafi, kuma ba makafi kaɗai ta ambata ba, har da masu larurar karatu. Malaman da ke zaman nan yawancinsu ba su taɓa jin labarinta ba.

Kada a zuzuta muryar fiye da kima. Sarah Wood da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi kan karantawa da murya ga masu larurar karatu suka wallafa a 2018, abin da suka samu shi ne amfani akwai shi, amma matsakaici ne. Ɗalibarmu tana cikin waɗanda abin ya fi dacewa da su, saboda fahimtarta ta kunne mai ƙarfi ce. Yaron da matsalarsa ke cikin fahimtar harshen kansa, ko an karanta masa da murya mafi daɗi, jimlar da ta fi ƙarfinsa tana nan yadda take. Haka kuma ingancin murya ya danganta da harshe: harsunan da ke da rubutu da sauti mai yawa a intanet sun samu muryoyi masu kyau, sauran kuwa ko babu, ko akwai mai karya kalmomi.

Wajen rubutu

Insha'inta na hannu gajere ne, da ƙananan kalmomi. Da aka tambaye ta, ta ce takan fara da kalmar da take so, in ta ga ba za ta iya rubuta ta ba sai ta nemi mai sauƙi, in ba ta samu ba ta bar jimlar. Wato malamai sun shekara suna ba da maki ga abin da ta iya rubutawa, suna zaton abin da ta sani ke nan.

Aka gwada yi wa kwamfuta shifta. Charles MacArthur da Albert Cavalier sun gwada wannan da ɗaliban sakandare a Amurka a 2004: masu larurar koyo sun fi fitar da insha'i mai kyau in mutum ne ke rubuta musu, sai shiftar kwamfuta ta biyo, rubutun hannu ya zo ƙarshe. Amma shifta sana'a ce da sai an koya. Ranar farko ta yi magana yadda take hira, abin ya fito layi ɗaya dogo ba aya ba waƙafi. Sai da ta koyi tsara tunani tukuna a 'yan kalmomi, ta haɗa jimla a ka, ta faɗe ta gaba ɗaya, ta kira aya da baki.

Akwai wani tarko da ba a hango ba. Manhajar shifta ba ta kuskuren harafi. In ta kuskure, wata kalma daban take sawa, rubutacciya daidai. Mai duba kuskure ba ya jan layi a ƙarƙashinta, mai disleksiya kuma shi ne mutum na ƙarshe da zai kama ta da ido. Maganin shi ne ta sa muryar ta karanta mata abin da ta rubuta kafin ta miƙa, kunnenta ya kama abin da idonta ya tsallake. Wannan ɗan matakin ya fi komai gyara aikinta.

A cikin aji shifta ba ta yiwu ba, ga hayaniya, ga kunyar yin magana da inji a gaban mutane. Ta zama ta aikin gida. A aji ta koma buga rubutu da manhaja mai hasashen kalma, wadda in ka fara haruffa take jero maka zaɓi, kana taɓa kowanne ta furta shi.

Maganar kunya

Malamar harshe ce ta warware wannan, ba tare da ta ambaci yarinyar ba. Ta koya wa ajin duka yadda ake amfani da muryar, ta ce duk mai so ya saurara lokacin karatun shiru. Aka maye gurbin babban abin sauraren da ƙarami na cikin kunne, aka canza batiri, kujerarta ta dawo cikin mutane. Makon farko kusan kowa ya sa don marmari. Da marmarin ya wuce, 'yan kaɗan suka ci gaba, cikinsu har da yaro ɗaya da daga baya aka tura shi gwaji. Wannan ita ce hikimar da David Rose da Anne Meyer na cibiyar CAST a Amurka suka daɗe suna kira a kai: a tsara darasi tun farko da hanyoyin shiga da yawa, maimakon a tsara wa mutum ɗaya sannan a yi ta faci. Ban ga abin da ya kai wannan arha a duk shirin ba.

Inda aka kashe murya

Sau da yawa a mako takan zauna da malamar tallafi na ɗan gajeren lokaci, babu murya, babu hasashen kalma. Sauti da harafi, gaɓa-gaɓa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana ji ana faɗa ana rubutawa, ba a wuce mataki sai ya zauna. Irin koyarwar ce da ta samo asali daga aikin Samuel Orton da Anna Gillingham a shekarun 1930. Aiki ne mai gundura ga 'yar shekara 12, ta kuma faɗi hakan ba sau ɗaya ba. Abin da ya riƙe ta, a cewarta, shi ne yanzu ba ta zuwa zaman a gajiye da yaƙin littafin tarihi.

A tsakiyar shekara mahaifiyar ta zo da tallar wata manhajar wasanni da ke alkawarin horar da ƙwaƙwalwa ta kawar da matsalar cikin makonni. Ba a ga laifinta ba, uwa ce. Malamar ta nuna mata abin da Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka samu a 2013 da suka tattara binciken horar da ƙwaƙwalwar riƙon wucin gadi, wato iya riƙe bayani a ka na ɗan lokaci ana aiki da shi: yara kan ƙware a wasan da abin da ya yi kama da shi, amma babu gamsasshiyar shaida cewa ƙwarewar na tsallakawa zuwa karatu ko lissafi. Lokacin da wasan zai ci, daga zaman sauti da harafi za a cire shi. Ba a saya ba.

Inda aka kwana

A ƙarshen shekara ta ci kimiyya da tarihi, a kimiyya ma tana cikin na gaba-gaba. Insha'inta ya yi tsawo, kalmomin da take amfani da su a baki sun fara bayyana a takarda. Ciwon cikin safe ya ɗauke. Ta saurari littafin labari daga farko har ƙarshe, karo na farko a rayuwarta, ta kuma yi gardama da malamar harshe kan ƙarshensa.

Karatunta na ido ya ƙaru a daidaito, ta rage cankar kalma daga harafin farko. Saurin kuwa kaɗan ya motsa, har yanzu tana bayan sa'anninta sosai, haka aka saba gani ga wanda aka gano a makare. Rubutun kalmomi ba tare da taimako ba yana nan da rauni. Mahaifin ya karɓi takardu biyu kamar yadda aka yi masa alkawari, ya ji daɗin ɗaya, ɗayar kuma ya ce a ƙara lokaci. Abu uku ne suka canza tare, na'urar, halin malamai, da koyarwa ta musamman, don haka wanda ya jingina nasarar ga kwamfuta kaɗai ya yi son kai. Wannan kwamfutar ce dai ta yi zaman jaka a zango na biyu.

Lissafi bai shiga shirin yadda ya kamata ba. Muryar tana karanta tambayoyin labari lafiya, amma in ta iso alamomi da kashe-kashen lamba takan rikice ko ta tsallake, don haka a nan malamin ne ke karanta mata.

Babban abin da ya rage shi ne jarrabawar ƙasa da ke jiran ta nan da 'yan shekaru. Hukumomin jarrabawa sun sha bamban a kan barin ɗalibi ya yi amfani da irin wannan taimako. A Ingila, alal misali, ana iya ba ɗalibi ƙarin lokaci, galibi kashi 25 cikin ɗari, da kwamfuta mai karanta masa tambaya, amma bisa sharaɗin makaranta ta nuna cewa haka ya saba aiki a aji tun da daɗewa. Saboda irin wannan sharaɗi makarantar ta buɗe mata fayil: rahoton ƙwararriya, rabin shafin ƙa'idar nan, saitin da take amfani da shi, da samfurin gwaje-gwajen aji da aka yi da murya da waɗanda aka yi babu ita. An tsayar cewa kowane gwajin zango daga yanzu da kwamfutar za ta yi shi, a ɗaki ɗaya da 'yan ajinsu, kuma kafin a koma hutu malamar tallafi za ta zauna da malaman aji na gaba ɗaya bayan ɗaya, a fara da malamin da har yanzu a allo yake rubuta not.